Rahinatu Tafasa da Kaskon Babanta

A asibitin gwamnati na Goronyo akwai wani ɗan ɗaki can ƙurya, bayan wurin awon ciki, wanda ko ba ka iya karatu ba za ka gane shi da tururi. Nan Rahinatu Halliru take aiki, kuma shekara shida ke nan ba a taɓa wucewa ta ƙofar ba a ji tukunya tana ɓararraka ba. Shi ya sa abokan aikinta suka laƙaba mata Rahinatu Tafasa. In an kawo wuta ta jona tukunyar ƙarfe, in an ɗauke ta hura gawayi. Duk ƙarfen da ya shiga bakin wani sai ya sha tafasa kafin ya shiga bakin wani, ko da layi ya kai bakin titi, ko da mai jiran hakimi ne. Masu gajen haƙuri sukan ce da ta buɗe gidan tuwo da ta fi samun ciniki. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ƙara gawayi.

Ba likita ba ce, kuma sau goma a yini take faɗin haka, domin a wajen mutanenmu duk mai farar riga likita ne. Aikinta ta duba baki, ta kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, ta wanke dasashin da ke jini, ta nuna wa uwa yadda za ta goge wa ɗanta baki, ta yi wa tsofaffi faɗan goro da taba. Abin da ya fi ƙarfinta kuwa takarda take rubutawa ta tura Sakkwato. Gajeriyar mace ce mai yawan magana, mai hannu mai sanyi, irin wadda za ta yi ta zuba maka labarin tsadar taki har ta gama kankare maka baki ba ka ankara ba.

A Boyekai aka haife ta, gidan Malam Halliru manomin albasa. Amma ba da albasa aka san Malam Halliru ba, don kowa a can yana noma ta. An san shi ne da cire tsutsar haƙori, sana'ar da ya gada wajen kakansa. In haƙori ya hana mutum barci, sai a ce ya tafi wurin Halliru. Shi kuma ya zuba ruwa a babbar ƙwarya, ya kafa dutse a tsakiya, ya ɗora ɗan kasko da ya sha garwashi, ya zuba baƙin irin albasa cuɗe da man shanu, sannan ya kife da masaki mai huda da aka cusa wa kara. Mai ciwo ya kafa baki a karan ya yi ta shan hayaƙi yana hawaye. In an ɗaga masaki, sai ga wasu farare sirara kamar zare suna yawo a ruwan. Malam Halliru ya tsamo su da tsinke ya jera a tafin hannu, ya ce ga masu ɓarnar nan sun fito. Zafin hayaƙin yakan kwantar da ciwon kwana biyu ko uku, mutum ya tafi yana sa albarka.

Kada wani ya ce mayaudari ne. Malam Halliru ya yarda da tsutsar nan kamar yadda ya yarda da fitowar rana, don in nasa haƙorin ya motsa, shi ma karan yake kafa wa baki.

Rahinatu tana da shekara goma sha biyu innarta Khadijatu ta kwanta da ciwon haƙorin matauni. Maigida ya yi mata hayaƙi, tsutsa ta fita. Kumburi ya sauko ƙarƙashin muƙamuƙi, ya sake yi mata, wasu suka ƙara fita. A na uku ko karan ba ta iya kamawa, bakin ya ƙi buɗuwa, wuya ya cika, numfashi yana fita da ƙyar. Kwana tara ta yi ta rasu. Abin da ya riƙe Malam Halliru a tsaye tun daga ranar shi ne magana ɗaya da yake maimaita wa duk wanda ya zo gaisuwa: ya yi iyakar yinsa, da hannunsa ya fitar mata da tsutsa goma sha ɗaya, sauran kuwa ikon Allah ne. Bai ƙara aure ba sai bayan shekara biyar, kuma bai taɓa yarda a cire 'yar Khadijatu daga makaranta ba.

Da ta gama sakandare ta ce aikin haƙori za ta karanta, murna kamar ta kashe shi. Ya bi gari yana cewa gado bai faɗi ba, ɗiyarsa za ta koyo na zamani ta haɗa da na gida.

A shekararta ta farko a makarantar koyon aikin lafiya a Sakkwato ne wata malama, Malama Habi, ta shigo aji da ƙwarya da kasko da masaki. Ta haɗa komai yadda Rahinatu ta san shi tun tana goye, sai dai ba ta sa kowa ya kafa baki ba. Hayaƙi ya tashi banza ta cikin karan. Ta ɗaga masaki, ga tsutsa cike da ruwa. Ta ce musu wannan ba komai ba ne illa ɗan tsiron da ke kwance cikin ƙwayar iri, in zafi ya fasa ƙwayar sai ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Aji ya kwashe da dariya. Rahinatu ta nemi izini ta fita, ta zaga bayan aji ta durƙusa ta yi kuka har cikinta ya yi ciwo, ba wanda ya san dalili.

Malama Habin nan ce ta cusa musu dokokin aikin har suka zauna musu a ƙashi. Kullum maganarta ita ce, mutumin da ya buɗe maka bakinsa ya ba ka amana, kada ka yi masa abin da ba a koya maka ba, kada ka kai abin da ka gani kasuwa, kuma kada ka yi masa ƙarya don ka sanyaya masa rai. Rahinatu ta riƙe wannan da hannu biyu. Aka tura ta Rabah, inda ta yi shekara biyu tana duba bakin mutanen da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukansu, yara da tsofaffi waɗanda goge baki ne ƙarshen abin da ke ransu. Aka mayar da ita Wurno, inda ta auri wani malamin firamare mai suna Sharfuddeen, wanda ya zo da dasashi yana jini ya tafi da alkawari. A duk wuraren nan ba ta taɓa jin nauyin gaya wa kowa cewa babu wata tsutsa a haƙori ba.

Sai da aka dawo da ita Goronyo, kusa da gida, harshenta ya yi nauyi. Yanzu waɗanda ke zama a kujerarta da yawa sun biya ta zauren babanta tukuna. In tsohuwa ta ce mata, "Babanki yac cire mani ukku, saura ɗaya ta maƙale," sai Rahinatu ta ce to, bari mu gani, ta yi aikinta ta wuce. Ba ta ce akwai tsutsa ba, ba ta ce babu ba, kuma ta daɗe tana lallashin kanta da cewa shiru ba ƙarya ba ne. Ta san abin da ke ƙarƙashin kaskon nan. In ta karya tsutsar, ta karya maganar da ta riƙe tsohon shekara ashirin, cewa ya yi wa innarta iyakar yinsa. Tana son babanta, tana jin tausayinsa, kuma tsoron ranar take yi ƙwarai.

Ranar ta zo da bazara, lokacin da ake kwasar albasa, gari duk yana warinta. Da hantsi aka shigo mata da Bube, Bafulatani makiyayi, aminin babanta na shekara arba'in, wanda tun tana ƙarama yake kawo musu nono take kiransa Baffa. Rawaninsa ya rufe rabin fuska. Da ya kwance shi, sai ga kumburi. Kuncin hagu ya haɗe da wuya, fatar tana sheƙi, jiki zafi rau. Ta ce ya buɗe baki, da ƙyar yatsa biyu suka shiga. Ta taɓa ƙarƙashin haɓarsa ta ji ya yi tauri. Ta taɓa ganin wuyan nan sau ɗaya, a kan tabarmar innarta.

"Baffa, kwana nawa?"

"Shidda," ya ce ta tsakanin haƙora. "Halliru ya yi mani hayaƙi sau biyu, bakwai sunka hita. Yac ce uwar tsutsar ta tar rage. Ke dai ɗauko abin ga naku ki hizge haƙorin, mu huta."

Awartakin cire haƙori yana nan cikin tukunya, ya tafasa tsaf. Amma wannan ba aikin fizga ba ne. Mugunya ce ta taru tana neman maƙogwaro, sai likita ya tsaga ya zubar, a ɗaura ruwa da magani ta jijiya, a tsaya a kan numfashinsa. Ba a koya mata ba, kuma ba za ta koya a wuyan Baffa Bube ba.

"Ba ni iyawa, Baffa. Wanga ya hi ƙarhina. Sakkwato za ka, yau ɗin ga, ba gobe ba."

Ta kira babban jami'in asibitin ya yi masa allura ta farko, ta zauna ta rubuta takarda. Bube ya kalli takardar kamar an miƙa masa sammaci. Ya ce shanunsa suna bakin fadama, hanya ba lafiya, kuma mi zai kai shi birni kan tsutsa guda da ta rage? In ita ba ta iyawa, zai koma wurin Halliru a yi na uku.

Kalmar na ukun nan ce ta kwance mata harshe.

"Baffa, ba wata tsutsa. Ba a taɓa yin ta ba. Irin albasa na ka hwashewa cikin ruwa."

Bube ya kafe ta da jajayen idanu.

"Ɗiyar Halliru," ya ce a hankali, "babanki kinka kira maƙaryaci?"

"Ban ce ba."

"Da idona nig gane su. To ji nan. In Halliru da bakinai yac ce in tahi, sai in tahi. In ba shi ba, ko gwamna na ba ni zuwa."

Ya jingina da bango ya rufe ido, alamar ya gama magana. Rahinatu ta dubi agogo, ta dubi wuyan. Ta cire safar hannu, ta roƙi jami'in kada ya bar tsohon ya fita, ta sauke tukunya daga wuta da rana tsaka, abin da ba a taɓa gani ba. Ta tsayar da ɗan kabu-kabu ta ce Boyekai.

Ta tarar da babanta a inuwar rumbun albasa yana tsince ruɓaɓɓu. Ya tsufa, gemu ya yi fari, amma da ya gan ta fuskarsa ta washe kamar kullum.

"A'a, likita da rana tsaka? Lahiya?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, gaisuwa gajeriya wadda ba ta saba yi ba. Ta gaya masa halin da Bube yake ciki da abin da ya ce. Malam Halliru ya karkaɗe hannu ya ce a kawo shi nan, uwar tsutsar ce, yau za ta fito.

"Baba, ina roƙon arziki. Ka ara mani kaskonka."

Ya yi dariya, a zatonsa yau gado ya motsa. Da kansa ya shiga ya ɗauko kayan, ya sa amaryarsa ta ɗebo garwashi. Rahinatu ta haɗa komai a gabansa. Ta zuba iri, ta kife masaki, ta ja da baya.

"To wa ka shan hayaƙin?" ya ce.

"Ba kowa, Baba."

Hayaƙi ya yi ta fita ta karan yana bin iska. Da ya lafa ta ɗaga masakin. Suna nan, farare, sirara, suna juyi a ruwa.

Malam Halliru ya sunkuya ya duba. Ya tsamo ɗaya da tsinke ya kai kusa da ido. Ya zubar da ruwan, ya ɗauraye ƙwaryar, ya ɗebo sabo daga randa, ya shiga ɗaki ya kwanto wani irin daga wani ƙulli dabam. Ya mayar da kasko wuta da kansa, ya yi bisimilla kamar yadda yake yi shekara hamsin, ya kife. Suka zauna su biyu suna kallon kara yana hayaƙi ba baki a kansa. Ya ɗaga. Suna nan, sun ma fi na farko yawa.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Yaushe kinka sani?"

"Tun shekarata ta hwarko a makaranta."

Ya yi lissafi da leɓɓansa.

"Shekara goma sha biyu kina kallona ina ba mutane hayaƙi."

Duk hanya ta zo tana shirin fushinsa, tana shirin ya ce boko ya raba ta da kunya. Wannan kam ba ta shirya mata ba, kuma ta soke ta har ƙashi, domin gaskiya ce. Ta yi ta tafasa ƙarfe don kada ta cuci kowa, alhali shirunta yana nan Boyekai yana aiki. Mutum nawa suka tsaya a zauren nan har lokaci ya ƙure? Ba ta sani ba, kuma ba za ta taɓa sani ba. Ta sunkuyar da kai hawaye yana ɗiga a kan farar rigarta, ta ce ya yafe mata.

Ya miƙe ya ɗauki hularsa ya ce, "Tashi, Bube na jira."

A asibiti bai yi dogon bayani ba. Ya tsaya a kan amininsa ya ce, "Bube, abin da yarinyar ga tah hwaɗi gaskiya na. Ni niɓ ɓata maka kwana shidda. Tashi mu tahi, ni ka raka ka." Bube ya dube shi, ya dubi Rahinatu, ya miƙa hannu aka tashe shi. Kafin la'asar suna cikin mota.

Kwana goma sha ɗaya Bube ya yi a gadon asibiti a Sakkwato. An tsaga wuyan, an cire haƙorin, likita ya ce da sun ƙara kwana ɗaya da sai dai wani labarin. Malam Halliru bai gusa daga gefensa ba, yana zaune yana kallon duk abin da ake yi, ledar ruwa tana ɗiga, kumburi yana saɓewa kullum kaɗan kaɗan. Da suka dawo, kaskon ya koma wurin amarya tana suyar gyaɗa da shi. Duk wanda ya zo zaure da hannu a kunci, sai tsohon ya ce ya daina, a tafi Goronyo, ɗakin da ke tururi. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce ɗiyarsa ce ta hana shi don ta kwashe masu zuwa. Bai tanka wa kowa ba.

Amma ita ma bai yi mata magana ba. In ta je gaishe shi ya amsa, ya tambayi Sharfuddeen da yara, shi ke nan. Wata biyu ana haka, har Rahinatu ta fara sabawa da cewa ta ceci Baffa ta rasa Baba.

Ranar wata Talata, bayan ruwan farko ya sauka, ta leƙo ta kira na gaba, sai ta gan shi a kan benci tsakanin wata mai goyo da wani ɗan kabu-kabu, riƙe da katinsa kamar kowa. Ta ce ya shigo. Ya ce ba layinsa ba ne, akwai mutum biyu gabansa. Haka ta duba mutum biyun nan tukuna.

Da ya shigo ya zauna a kujerar, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya dubi tukunya, ya dubi ƙarafan da ke jere a kan farin ƙyalle.

"An ce ku ba ku yi ma wanda yaz zamna nan ƙarya."

"Haka na, Baba."

"To na zamna." Ya ɗago ya dube ta. "Innarki. Da an kai ta asibiti, da ta tashi?"

Tambayar da ta yi shekara goma sha biyu tana gudu ke nan, ga ta a kujerarta. Tana iya cewa a'a, kwananta ne ya ƙare, ya tafi gida da sauran abin dogarawa. Ba wanda zai kama ta. Ta dubi tsohon da ya bi layi don ya ji amsar, ta ga ba ta da ikon ba shi wata.

"Rai na hannun Allah, Baba, ban san shi ba. Amma ciwonta shi na na Baffa Bube. Da an kai ta, da an yi mata abin da anka yi mai."

Ya gyaɗa kai a hankali, sau da yawa. Hawaye ya gangaro ya shige cikin farin gemun, bai share ba.

"Ba ka sani ba, Baba," ta ce. "Ni kau na sani, na yi shiru."

"Allah shi gahwarta muna baki ɗai," ya ce.

Tukunya tana ta ɓararraka, a waje wani jariri yana kuka. Can ya ja dogon numfashi ya nuna kuncinsa na dama da yatsa.

"Wanga na nan, shekara biyu ina ba shi hayaƙi. Duba mani."

Rahinatu ta wanke hannu, ta sa safa, ta ɗauko ɗan madubi daga cikin waɗanda suka huce. Ta ce ya jingina kansa, ya jingina, ya rufe ido ya buɗe mata baki.